Taku Ɗaya Baya

Salama a gare ku, 'yan'uwana masu karatu. Tun ranar da na rubuta a shafin nan cewa an ɗaga bikina, saƙonninku ba su huta ba. Wasu na yi mini jaje, wasu na tsine wa Ticha, wata baiwar Allah har cewa ta yi in turo mata lambarsa, ita ta san maganin irinsu. Na gode da ƙauna, amma ku sauke sandunanku tukuna. Yau zan faɗi abin da na ɓoye muku. In kun gama ji, sai ku duba wanda ya cancanci dukan.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce. Ɗinkin mata nake yi a ɗan ɗakin da ke jikin falonmu. Mu biyu ne a gidan, ni da Mama, tun da Baba ya rasu, Yaya kuma ta yi aure. Ticha shi ne wanda zan aura. Malamin firamare ne, a ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu, shi yana can baya cikin masu babbar murya, ni ina sahun gaba. Shekara biyu muna tare, bai taɓa kirana da sunana ba. "Telata" yake cewa. Ko faɗa muka yi, da "Telata" saƙonsa yake farawa.

Yaya takan ce, "Ki gode wa Allah, ƙanwata. Samarin coci ba sa iya cewa na fasa. Ranar da kika ga saƙo ya fara da ''yar'uwata cikin Ubangiji', ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran."

Mu yi ta dariya har da tafawa.

To, na ɗinka wa amare da yawa rigar biki. Na sha durƙusawa ina gyara wa wata gindin riga, ita tana kallon madubi, ni ina kallon ƙafarta. Sai na yi wa kaina alkawari cewa tawa in ta zo, babu wadda za ta kama ƙafarta. Wata bakwai na yi a kanta. Farin yadi mai santsi a ciki, leshi a sama, sai ƙananan duwatsu masu ƙyalli da na riƙa dasawa da allura ɗaya bayan ɗaya, daga wuya har ƙasa. A jikin mutum-mutumin gwaji take rataye, wanda Mama ta raɗa wa suna Madam.

Duk telan da ya san farin kaya ya san ba ya yafiya. Gumi kaɗan, mai kaɗan, shi ke nan. Don haka na kafa dokoki. Ba a shiga ɗakin da abinci. Ba a shiga da takalmi. Sau biyu nake wanke hannu kafin in taɓa ta, na daina shafa mai a hannu har fatata ta fara tsagewa. Na kuma lura cewa hasken safiya ya fi kyau wajen dasa duwatsu, lokacin ido bai gaji ba, hannu bai yi gumi ba. Matsalar ita ce lokacin ne muke addu'ar safe da Mama.

Takan ƙwanƙwasa ƙofa. "Mun fara fa."

"Ina zuwa, Mama. Bari in ƙarasa layin nan."

Layin ba ya ƙarewa. In ji ta a falo ita kaɗai tana rera waƙa da muryarta mai rawa, tana yi mini addu'a da sunana, ni kuwa ina durƙushe gaban Madam da fil a baki.

Wata safiya ta leƙo, ta tsaya daga bakin ƙofa don ta san doka. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wannan durƙuson da kike wa Madam, da Ubangiji kike yi wa, da tuni kin fara ganin wahayi."

Na yi dariya da fil a bakina. Ita ma ta yi murmushi, amma nata bai kai ido ba.

Muna yara a ajin Lahadi, in aka ba mu labarin mutanen da suka narka 'yan kunnensu suka ƙera ɗan maraƙi suka yi masa sujada, dariya muke yi. Mu ce wane irin wawa ne zai ƙera abu da hannunsa sannan ya rusuna masa? Ni ce ma mai fi kowa ɗaga murya. Laifi tudu ne.

Ranar Alhamis ce, saura mako uku biki, an riga an karanta sanarwarmu sau ɗaya a coci. Da misalin ƙarfe uku na rana saƙonsa ya shigo:

"Telata, an tashi makaranta. Zan biya kemis in karɓo wa Mama maganin hawan jininta, jiya ta ce ya ƙare. Ki ɓoye Madam kada idona ya yi laifin ganin rigar kafin biki."

Na amsa: "Ka yi sallama da ƙarfi, in ba haka ba ka biya tara."

Ya turo fuskar dariya.

Ku lura da wannan, don ni sai daga baya na lura. Maganin uwata ya ƙare tun jiya, a bakin saurayina na ji.

A ranar na dasa dutse na ƙarshe. Na ce kafin ya iso bari in gwada. Na wanke hannu, na sa rigar a hankali, na tsaya gaban madubi. 'Yan'uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi kyau. Ta yi kyan da har ƙwalla ta cika mini ido, na yi maza na ɗaga kai sama kada ta ɗiga a kan leshin. Saura zif ɗin baya, hannuna bai kai ba.

Mama tana kwance a ɗakinta tun bayan azahar, ta ce kanta na sarawa. Na sani. Amma na ɗaga murya na ce, "Mama! Mama, zo ki gani! Yi sauri!"

Na ji motsinta. Na ji takunta yana tahowa, ba daidai ba, kamar mai jan ƙafa. Da ta ɗaga labule sai na ga hannunta a kan hanci, jini yana bi ta tsakanin yatsunta har gwiwar hannu. Haɓo ne ya ɓalle mata da ta miƙe da sauri. Idonta ya juye. Ta saki hancin ta miƙo mini hannun nan, jajir da jini, ta ce, "Riƙe ni, jiri..."

Tsakanina da ita bai fi tsawon hannu ba.

Na tattare rigar da hannu biyu, na ja da baya. Taku ɗaya.

Hannunta ya kama iska. Ta tafi gaba ɗaya ta gefe, ƙugunta ya daki ƙafar ƙarfen keken ɗinki. Ƙarar da na ji har gobe tana kunnena, kamar an taka busasshen icce.

Da na ɗaga kai, Ticha yana tsaye a tsakiyar falo, labule a yaye, ledar magani a hannunsa. Ya yi sallama, ban ji ba. Ba rigar yake kallo ba. Ƙafata yake kallo.

Ya yar da ledar, ya shigo da takalminsa, ya sunkuci Mama kamar jaririya. Farar rigarsa ta makaranta ta rine nan take. Ya fita da ita yana kiran mai mota. Ni kuwa na tuɓe rigar, dole ne, ba zan je asibiti da ita ba. Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: sai da na mayar da ita jikin Madam, na gyara kafaɗun, na lulluɓe ta da zanenta. Hannuwana ne suka yi, sun saba. Ina jin muryarsa daga waje yana cewa, "Ki fito mana! Me kike yi?"

A asibiti likita ya duba hoton ƙashi ya ce ƙugun ya karye, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Ya tambaya, "Mama, garin yaya?"

Mama ta kalli rufin ɗaki ta ce, "Zamewa na yi, likita. Tsufa ne."

Na kalli Ticha. Ya sunkuyar da kai yana kallon jinin da ya bushe a rigarsa.

Kwana goma sha biyu muka yi a can. Kullum in an tashi makaranta sai ya zo da ruwan zafi a filas da 'ya'yan itace. Ya zauna ya ba Mama labarin ɗalibansa har ta yi dariya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗana, ka bari, za ka kwance mini ɗinki." Ni kuma ya gaishe ni da ladabi. Ladabin nan ya fi mari ciwo. Na fi so ya zage ni.

Rana ta biyar na bi shi waje. Muka zauna a wani benci gaban ɗakin shan magani, mutane na wucewa da katinsu a hannu.

Na ce, "Ka yi magana mana. Ko zagi ne."

Ya daɗe yana murza yatsunsa masu farin alli. Ya ce, "Ban san abin da zan ce ba, Telata."

"Ban yi da gangan ba. Ban ma yi tunani ba. Jikina ne kawai..."

"Na sani," in ji shi. "Shi ne abin da ya hana ni barci. Da tunani kika yi, da na ce kin yi kuskuren tunani, gobe ki gyara. Amma babu lokacin tunani. Abu biyu aka sa miki a gaba, jikinki ya riga ya san wanda ya fi."

"Taku ɗaya ne fa."

"Ɗaya ne. Wata bakwai kika yi kina koya wa ƙafarki shi."

Na fashe da kuka. Bai taɓa ni ba, amma ya miƙo mini hankicinsa.

Ya ce, "Ina so a ɗaga bikin. Ba cewa na yi na fasa ba. Ba zan iya tsayawa gaban bagade in gan ki cikin rigar nan in yi alkawari da zuciya ɗaya ba. Zan je wurin Fasto in ce ya dakatar da sanarwa."

"Me za ka ce masa?"

"Zan ce ni ne ban shirya ba. Ba ƙarya ba ce."

"Abin da ka gani fa?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa. Naki ne."

Haka kuwa ya yi. Sai gari ya ɗauka.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ce ta fara isowa. Mace ce da in ta shigo gida sai kujeru sun san ta shigo. Ta ajiye jaka, ta zame ɗankwali baya, ta riƙe ƙugu.

"Bai shirya ba? Shekara biyu yana cin abincin gidan nan, cikinsa ya shirya, shi ne bai shirya ba? Uwarki na kwance a karye, shi ne ya ga lokacin da zai tsinka mu a idon duniya? Wallahi da yayana na da rai da bai isa ba. Kar ki yi masa kuka, 'yata. Mai alli a hannu ma har ya samu bakin yanga!"

Kafin mako ya zagayo an ce wata sabuwar malama ce a makarantarsu ta ɗauke masa hankali. Wasu suka ce dama an gan su a mota ɗaya. Shugaban mawaƙa ya ce ya ɗan huta da hawa sahu har ƙura ta lafa. Ran Lahadi na hango shi a bencin ƙarshe shi kaɗai, mutane sun bar masa fili hagu da dama kamar mai cuta. Ni kuwa mata na rungume ni suna cewa, "Allah zai ba ki wanda ya fi shi." Na kwantar da kai a kafaɗarsu na yi kuka, kukan kuma na gaske ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na zo nan shafin na rubuta muku, "An ɗaga, ku sa ni a addu'a." Kuka yi ta zaginsa, ina karantawa, ban goge ko ɗaya ba.

Na ɗauka gunkina ɗaya ne, yana rataye a ɗakin ɗinki. Ashe akwai na biyu a bayansa, wanda ya fi shi tsufa: yarinyar kirki, 'yar sahun gaba, wadda ba a taɓa jin kanta ba. Don rigar na bar uwata ta faɗi. Don sunan na bar shi yana faɗuwa kullum, a hankali, mako uku cur.

Ranar da ya kamata a ce ita ce ranar bikin, Asabar da hantsi, na shiga ɗakin ɗinki karon farko tun faɗuwar. An riga an sallamo Mama, tana kwance a falo kan katifar da muka shimfiɗa mata don ta fi kusa da bayi. Na yaye zanen da ke kan Madam. Na durƙusa, don na saba, sai idona ya sauka a gindin rigar. Can ƙasa ta gefen hagu, tsakanin duwatsu biyu, ga ɗigo ɗaya, ya bushe ya zama ruwan ƙasa.

Duk da takun, jinin ya same ta.

Ban san lokacin da na ɗauki babban almakashi ba. A raina ina cewa, Ubangiji, ga ta nan, zan yayyanka ta, na ba ka ita, kai kuma ka dawo mini da shi. Na buɗe bakin almakashin a kan leshin.

"Ajiye."

Labulen a ɗage yake, Mama na kallona daga katifarta.

"Ajiye almakashin nan ki zo. Yadin me ya yi miki?"

Na rarrafo na zauna a gefenta. Ta rame, gashinta ya yi fari fiye da yadda na sani.

Ta ce, "In kin yanka ta, sai me? Ki kai wa Allah tsumma ki ce ya ba ki canji? Ba kasuwa yake ci ba."

"Mama, kin gani ko?"

"Jiri na yi, ba makanta ba."

Na kifa kaina a ƙafarta. Na ce ta yafe mini, na faɗa ya fi sau goma. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa kaina.

"Tun ina ƙasa na yafe," in ji ta. "Uwa ba ta da wata sana'a. Amma ki ji nawa. Kwanan nan da nake kwance ba ni da aiki sai tunani. Na yi wa likita ƙarya. Na yi wa Goggonki shiru. Yaron nan ya ɗauke ni a hannunsa, jinina a rigarsa, ina ji ana cin namansa a falon nan ban ce uffan ba. Don me? Don kada a ce 'yata. Ina yi miki dariyar Madam, ashe ni ma da tawa Madam ɗin. Ni na haife ta, ni na yi mata ado, na lulluɓe ta kada ƙura ta taɓa."

"Mama, ƙauna ce."

"Ƙauna ce. Ai gunki ba ya zuwa da ƙaho, 'yata. Da abin da kika fi so yake zuwa. Gobe Goggonki za ta tara mutane. Ni ba zan faɗa ba, kuma ba zan hana ki ba."

Washegari bayan sujada falonmu ya cika. Goggo ta kira Baffa, wan Baba, ta kira Fasto, Yaya ta zo, aka aika Ticha ya zo. Ya shigo da wankakkiyar riga, ya durƙusa ya gaida kowa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa duk da an nuna masa kujera. Ya rame shi ma.

Fasto ya buɗe da addu'a. Ko amin ba ta gama sauka ba Goggo ta karɓe.

"Malam mai alli, ga iyayenta. Faɗa mana sunan malamar, mu ma mu je mu ga abin da ta fi 'yarmu da shi."

"Goggo, babu wata malama."

"Kar ka ce mini Goggo, ban haɗa komai da kai ba. In babu, to mene ne? Ciwo gare ka? Ka faɗa a nema maka magani."

Baffa ya yi gyaran murya. "Yaro, magana ake so. Me 'yarmu ta yi maka?"

Ticha ya kalli tabarma. "Baffa, ni ne ban shirya ba. Laifin a kaina yake."

Fasto ya ce a hankali, "Ɗana, in ba ka ba da dalili ba, dole in kai maganarka gaban dattawa. Ka san abin da hakan ke nufi."

"Na sani, Fasto."

Na kalli Mama. Idonta a rufe, leɓenta na motsi.

Ban san yadda aka yi na miƙe ba. Na dafa bango. Na ce, "Mama ba zamewa ta yi ba."

Na faɗa duka. Addu'ar safe, maganin da ya ƙare, kiran da na yi mata, hannun da ta miƙo, takun. Har lulluɓe rigar da na tsaya yi, wanda shi kansa bai sani ba. Da na faɗi wannan na ga ya runtse ido.

Kowa ya zuba mini ido.

Goggo ce ta fara farfaɗowa. "Ke! Rufe mana baki! Wa ya tambaye ki? Wannan ai tsautsayi ne, kowa ma zai iya..." Sai muryarta ta mutu a hanya. Ta kalli Mama a katifa, ta kalli Ticha. Ta jawo ɗankwalinta gaba ta rufe fuska. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, tashi ka hau kujera."

Bai tashi ba. Hawaye ne ke bin fuskarsa, bai share ba.

Baffa ya ce, "Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi. Mun ci alhakinka, yaro." Fasto ya ce shi da kansa zai tsaya ran Lahadi ya wanke shi, ba tare da ya tona abin da ba na jama'a ba. Na ce a'a, ni zan tsaya. Na kuwa tsaya gaban jama'a yau da safe, amma wannan wani labarin ne.

Da aka watse na raka shi bakin ƙofar gida. A raina, ku gafarce ni, na ɗauka shi ke nan. Na biya, sai a ba ni kayana.

Ya ce, "Na gode, Telata. Abin da kika yi yau, ban tabbata ni zan iya ba."

"To, yanzu fa?"

Ya kalli titi. "Ina so in tambaye ki abu ɗaya, kada ki amsa mini, ki amsa wa kanki. Don Allah kika faɗa, ko don in dawo?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ma ina da tawa tambayar da zan amsa," in ji shi. "Ki ba ni zuwa Asabar. Zan kira ki in faɗa miki abin da na yanke, ko wanne ne."

Da na gaya wa Yaya, tsaki ta ja. "Shi ma ya je ya duba ɗakinsa. Mala'ika ya ƙera a kansa ya sa mata fuskarki, yanzu ta fashe yana makoki. In mace marar aibi yake nema, ya auri Madam, ita ba ta ja da baya." Na yi dariya ina kuka. Wataƙila da gaskiyarta. Amma ba Yaya ce ta ga abin da ya gani ba, kuma ni ba ni da bakin da zan auna gunkin wani.

Kwana shida na yi da waya a hannu. Da ita nake shiga kicin, da ita nake shiga wanka, a leda. Na koma addu'ar safe, amma sai in tsinci idona a buɗe yana leƙen allon waya a gefen gwiwata. Nan na gane cewa akwai gunki na uku, kuma ya fi sauran biyun kyau, yana da babbar murya da alli a yatsu. Ashe zuciya ba ta zama babu kowa a kan kujerarta. In ka sauke wannan, kafin ka juya wani ya hau.

Jiya ce Asabar ɗin. Likitan ƙashi ya ce kullum da la'asar Mama ta yi taku goma, daga katifa zuwa kujerar bakin taga, da sandar ƙarfe a hannu ɗaya, mutum a ɗaya gefen. Ya ja mini kunne cewa in aka fara ba a saki, in ta sake faɗuwa a kan ƙarfen nan, aikin ya lalace. Na jira kiran tun safe bai zo ba. Ƙarfe huɗu ta yi, na ajiye wayar a kan tebur, na ɗaga Mama. Ta zuba nauyinta a kafaɗata, gumin tafin hannunta yana jiƙa mini riga.

Ɗaya. Biyu. Tana nishi. Uku. Huɗu.

A na biyar wayar ta ɗauki ƙara. Waƙar da na sa masa ce, shi kaɗai.

'Yan'uwa, na ji ƙafata ta motsa. Na ji ta, ƙafar nan dai, ta hagu. Tebur ɗin bai fi tsawon hannu ba.

Mama ta ce, "Jingina ni da bango ki ɗauka. Zan iya tsayawa."

"Ba za ki iya ba. Taka, Mama."

"Shi ne fa."

"Na sani. Taka."

Shida. Wayar ta katse. Bakwai. Ta sake ɗauka, tana zagaya kan tebur kamar abu mai rai. Hawaye na zuba a fuskata, ba ni da hannun sharewa. Takwas. A raina na ce, Ubangiji, ba ciniki nake yi ba wannan karon. Ko ya dawo ko bai dawo ba, kai ne. Ban san ko gaskiya na faɗa ba, amma na faɗa, kuma ban saki ba. Tara. Wayar ta yi shiru. Goma.

Na zaunar da Mama, na sa mata matashi a baya, na ba ta ruwa. Ta riƙe hannuna ta matse. Sai wayar ta yi 'yar ƙarar shigowar saƙo.

Na share fuska da bakin zane, na ɗauka. Saƙon dogo ne, layin farko kaɗai ya fito a allo. Na tuna da Yaya, na nemi wuri na zauna.

"'Yar'uwata cikin Ubangiji, na kira ban same ki ba..."

Yatsana yana kan allon. Daga bakin taga Mama ta ce, "Rana na dukan idona, zo ki ɗan ja mini labulen nan."

Na kifa wayar a kan tebur, na tashi na je.